Fentin ruwa mai tsada: yadda ya yi mini a bangon wani gida a unguwar Pantami, Gombe

Masu gida da yawa sukan tsoma sanda a bokitin fenti, in sun ga kauri su ce fenti ya yi. Ni da shafe nake ci, wannan gwajin ba ya gaya mini komai. Mai araha ma ana lafta masa garin alli ya yi kauri.

Wanda na ɗauko a wani shago kusa da Babbar Kasuwar Gombe, bokiti mai lita 20, kuɗinsa ya kusa ninka na gama-gari. Da na buɗe, a daskare yake, sanda tana tsayawa a ciki. Ina fara juyawa ya saki jiki. Rola ta bi ta kansa ya ƙara tsinkewa, ya shige ƙananan ramukan filasta, ina ɗaga hannu kuma ya koma ya kama kansa. Ko a ƙasan taga, inda fenti ya saba zubar da hawaye, ban ga ɗigo ya gangaro ba.

Abin da kake biya ke nan. Ruwa ko kananzir, juya su yadda ka ga dama, kaurinsu ba ya sauyawa; su ne ke bin ƙa'idar da ake jingina wa masanin kimiyya Isaac Newton. Fenti ba ya bin ta: ƙarfin da ka sa masa ne ke rage masa kauri. Ƙullun kamu akasin haka yake yi, ka danna shi da sauri ya taurare.

Mai gidan ya so in ƙara ruwa don ya yi auki. Na ce, "Alhaji, in aka wuce abin da aka rubuta a jikin bokitin, halin nan nasa zai gudu, sai tsiyaya."

Aibinsa biyu. A iskar hunturu yana saurin kamewa, kafin sawun burushi ya baje ya riga ya tsaya, don haka lungu da gefen sili sai da hanzari. Sannan ba ya yafe datti. Inda aka taɓa jingina janareta man inji ya taɓa bango, sai fentin ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya ya ƙi kamawa, sai da na wanke wurin da omo na goge da samfefa.

Filastar gidan ta simintin Ashaka ce, ta haura kwana 28 da ake so ta yi, shi ya sa shafi biyu ya rufe. Mai sabon bango ya fara sa fentin ƙasa, wato shafin farko mai toshe filasta, tukuna, in ba haka ba filasta za ta shanye ruwan fentin tun bai baje ba.