Kafin ka zaɓi fulogin ɗin fom, tambayi yadda yake share tsofaffin saƙonni

Wani Alhaji da nake kula wa da shafin intanet, mai harkar lodin kaya daga Mile 12 zuwa Arewa, ya tare ni a Agege bayan an sauko Juma'a wai shafinsa ya yi nauyi. Da na buɗe rumbun bayanan wallahi sai da gabana ya faɗi, duk direban da ya taɓa cike fom ɗin neman aiki ga lambar wayarsa ga adireshinsa ga hoton lasisi har da takardar NIN, suna nan jibge shekara da shekaru ba wanda ya sake waiwayarsu. Ni ba nauyin shafin ne ya dame ni ba, amanar bayin Allah ce a zube. Kuma tun Yunin 2023 muna da dokar kare bayanai wadda hukumar NDPC ke kula da ita, ta hana riƙe bayanan mutum fiye da lokacin da ake buƙatarsu.

To in da manhajar WordPress ka gina shafinka, yawancinmu da fulogin (ƙaramar manhajar da ake ƙara wa shafi) mai suna Contact Form 7 muka fara saboda kyauta ne. Shi ba ya ajiye komai, imel kawai yake tura maka, sai in ka haɗa shi da wani fulogin mai suna Flamingo sannan saƙonni su fara taruwa a teburin wp_posts da sunan flamingo_inbound. Sharewar kuma aikinka ne, ko ka rubuta ɗan kod ko ka bi ta WP-CLI, wato ba WordPress umarni a rubuce, shi kuma yana son SSH (hanyar shiga sabar daga nesa), wanda ba kowane hostin (kamfanin da ke ajiye maka shafi) mai araha ke bayarwa ba, don haka ka tambaya tun kafin ka biya.

Gravity Forms, shi ma fulogin ɗin fom ne na WordPress, da dala ake biyansa duk shekara, kuma kowa ya san yadda dala take ciwo yanzu, amma gaskiya a wannan fannin ya ci kuɗinsa. Tun siga ta 2.4 kowane fom yana da sashen Personal Data, ka ce bayan kwana kaza a kai kwandon shara ko a share gaba ɗaya, shi ke nan ka huta. In kuma sharaɗinka na daban ne, misali a share waɗanda ba a ɗauka aiki ba kawai, sai ka kira GFAPI::delete_entry a kod ɗinka, zai tafi da saƙon da amsoshinsa da fayilolin da aka ɗora.

Drupal kuwa, wata manhajar gina shafi irin WordPress, Webform ɗinsa kyauta ne kuma sharewar na ciki, ka zaɓi waɗanda aka kammala ko waɗanda aka bari rabi ko duka, ka sa adadin kwanaki, ga umarnin drush webform:purge in kana son yi da hannunka. Sai dai kar ka yarda a gina maka sabon abu kan Drupal 7, an daina kula da shi tun 5 ga Janairu 2025.

Abin da nake roƙon 'yan'uwa su guje masa shi ne wanda zai ce ka ba shi 'yan kuɗi ya shiga rumbun bayanan kai tsaye ta phpMyAdmin ya goge da umarnin SQL. A Gravity Forms saƙo yana wp_gf_entry amsoshinsa kuma suna wp_gf_entry_meta, in ya goge na farko kaɗai an kashe maciji ba a sare kansa ba, lambobin waya na nan, hotunan NIN ma na kwance a fodar uploads.

Sai maganar cron, wato tsarin da ke gudanar da ayyuka irin sharewar nan a kan lokaci. Na WordPress, wato WP-Cron, ba ya motsi sai wani ya ziyarci shafin, in shafinka ba baƙi sosai sharewar za ta riƙa makara, gara ka saita cron na gaske a cPanel, wato wurin sarrafa hostin ɗinka.

Na Alhaji dai Gravity Forms muka ɗauka, na fara ɗaukar kwafin ajiya, na gwada a kan fom ɗaya na leƙa uploads na ga fayilolin sun tafi, sannan na sa kwana 90. Ya so mu bar shekara guda, na tambaye shi yaushe rabon da ya kira direban da ya cike fom wata shida baya, ya yi shiru ya ce in bar 90 ɗin.