Gwajin korona ga ɗalibai: na gaggawa ko PCR?

Iyaye a ƙauyukanmu na Jigawa sun yi ta tambayata wane gwaji ya fi dacewa da yara 'yan makaranta.

Na gaggawa yana da araha, cikin minti 15 zuwa 30 an ga sakamako, kuma malamin asibiti zai iya yinsa a cikin aji. Abin da ke damuna da shi, yakan kasa gano cutar idan ba ta yi ƙarfi a jiki ba, dole a riƙa maimaitawa. PCR, wato gwajin da ake yi da na'ura a ɗakin gwaje-gwaje, ya fi tabbas, amma sai an kai samfurin birni kamar Kano, ga ɗawainiyar mota, ga jiran kwanaki.

Makarantar kwana mai duba ɗalibai akai-akai, na gaggawa ya ishe ta. Yaron da ke zazzaɓi da tari, kuma akwai tsofaffi a gidansu, a daure a yi masa PCR.