Baba mai facin keke na kasuwar Gujungu, da yadda ya raba ni da wahalar keken autana

Tun bayan ƙaramar sallah nake fama da keken yaron nan, har ta kai in na dawo daga makaranta na hango shi a dakalin ƙofar gida ya haɗa kai da gwiwa, ba sai na tambaya ba, na san taya ce ta sake sacewa. Keken gwanjo ne na siyo masa a Kano da ya haɗa izu biyu a islamiyya, ɗan ƙarami mai lamba 16, da 'yan tayoyin nan biyu na gefe masu hana faɗuwa. Tayar baya ce matsalar. Cikin wata ɗaya sau huɗu ana mata faci wajen wani yaro mai facin mashin a bakin titin garinmu, ba zan kama suna ba don yana gaishe ni kuma babansa mutumin kirki ne, amma dai kullum magana ɗaya ce, Malam ƙaya ce, a biya, a dawo gida, kwana uku ba ta cika ba ta sake kwanciya. Har tib ya taɓa canja mata ya ce sabo ne dal, shi ma sati bai yi ba.

Maƙwabcina ne ya ce in daina zubar da kuɗina in kai wa wani dattijo da ke zama a kasuwar Gujungu ran Lahadi, can gefen masu kayan keke, gindin wata darbejiya. Ba shago gare shi ba, ba allon suna, kowa Baba mai faci yake ce masa. Na ɗaure keken a bayan mashin da roba, na ɗora yaron a kan tanki muka tafi.

Mun same shi zaune kan buhu, gabansa tsohon akwatin ƙarfe cike da sifanu, da daro mai ruwa da ya yi baƙi, da famfon hannu irin na da, rediyo na ta magana ba mai saurarenta. Manyan kekuna uku na gabanmu, biyu Phoenix ne tsofaffi da ka gani ka san daga zaure aka zaƙulo su, don tun da aka cire tallafin mai a 2023 mutanen da suka manta da keke suka koma masa, shi ya sa ma masu faci suka samu kasuwa. Mun fi awa ɗaya muna jira, wannan kam sai haƙuri.

Da layi ya zo kanmu bai ma taɓa tayar ba, yaron ya fara kallo ya ce jikana a ina kake tuƙa shi? Ya ce filin bayan firamare. Baba ya yi dariya ya ce to ai gonar tsidau ce kake shiga. Kuma gaskiyarsa, duk wanda ya taɓa taka tsidau ba takalmi ya san aikinta, 'ya'yan nan nata ko ta ina suka faɗi akwai ƙaya ɗaya da ke kallon sama. Sai dai ya ce tsidau kaɗai ba ta isa ta sa a yi faci huɗu a wata ba, bari mu buɗe mu gani.

Nan na fara ganin bambanci. Ya kifa keken a kan sirdi da kai, ya ɗauko sifana mai lamba 15 ya kwance notikan biyu, 'yan tayoyin gefen suka fito tare da su don a kan ƙarfe ɗaya suke. Sannan akwai wani ɗan ƙarfe a hagu da aka ɗaure da jikin keken, ni ban taɓa lura da shi ba ma, ashe shi ne hannun birkin feda, irin birkin da in yaro ya juya feda baya keke ke tsayawa. Ya kwance shi, duk abin da ya cire sai ya jefa a gwangwanin madara don kada rairayi ya cinye. Ya sauke cen, wili ya fito. Ba sukudireba ya sa ba wajen ɓalle tayar, wasu ƙarafa biyu ne masu faɗin baki da aka goge su suka yi santsi kamar bayan cokali.

Wallahi da ya zaro tib ɗin sai da na ji kunya. Ashe tib na lamba 20 aka cusa a tayar 16, aka ninke ragowar a ciki kamar hanji, to wajen ninkin nan kullum yana gugar kansa har ya cinye. Baba bai zagi kowa ba, ya ce dai wataƙila shi mai facin mashin ɗin ya samu a hannu. Ya ɗan hura masa iska ya rinƙa nutsa shi a daro kaɗan kaɗan, inda kumfa ta taso sai ya sa masa alama da biro, ya ce Malam matso ka gani. Huda biyu a jere kusa da juna kamar saran maciji, ya ce wannan ba ƙaya ba ce, ƙarfe ne ya matse tib da bakin rim, ko wajen mayar da taya da sukudireba ko an hau ba isasshiyar iska an daki dutse. Wata hudar kuma ta ciki take, ɓangaren da ke kallon rim, ya ce ka taɓa ganin ƙayar da ke zagayowa ta ciki? Ya nuna min rim ɗin, babu robar nan da ake zagayawa a rufe kawunan wayoyi, tsirara suke, ɗaya ma ya ɗan fito yana da kaifi, shi ke cin tib a hankali. Ya kawo tsumma ya zagaya cikin tayar da shi, tsumman ya maƙale a wuri biyu, ƙayar tsidau ce guda biyu a karye suna nan zaune tun Allah kaɗai ya san yaushe. Wato duk facin da ake yi, ana mayar da tib ne kan ƙayar da ta huda shi. Haba!

Ita kanta tayar ta gama aiki, gefenta duk ya tsattsage saboda rana, in ka matsa sai ka ga zare. Ya ce zan iya lallaɓa maka ita amma bana so ka dawo kana zagina a zuci, ka sayi sabuwa da tib ɗinta.

Ga inda na ɗan ji haushi, ba ya ajiye kayan ƙananan kekuna, na 26 da 28 kawai gare shi, sai da na bar yaron wajensa na shiga kasuwa ina bi rumfa rumfa da rana a ka. Amma ya taimaka, ya nuna min lambar da ke jikin tsohuwar, 16 x 1.75, da wata 'yar ƙarama kusa da ita 47-305, ya ce wannan ta biyun ka duba, don akwai wata sha shidan siririya da ba ta hawa wannan rim ɗin ko za a kwana ana kokawa. Daga baya na gane 305 ɗin faɗin da'irar rim ne a milimita, waccan siririyar mai 16 x 1 3/8 rim ɗinta 349 ne, suna ɗaya amma ba gida ɗaya ba. Ya kuma ce in ɗauko tib mai bawul irin na mashin, kada in ɗauko na da mai ɗan roba a ciki wanda ke ruɓewa, ramin rim ɗin duk zai ɗauka, kuma irin na mashin ko ina ka je za a iya sa maka iska. A rumfa ta huɗu na samu. Kuɗin su biyun sai da na haɗiye yawu, kayan roba sun yi tsada ba kaɗan ba.

Haɗawar ce ta fi burge ni. Ya goge kan wayar nan mai kaifi da fayil, ya yanko tsohon tib siriri ya zagaya rim da shi ya huda wajen bawul. Ya sa gefe ɗaya na tayar, ya ɗan hura wa sabon tib iska kaɗan don ya yi siffa kada ya murɗe, ya barbaɗa masa hoda, ya fara zura bawul sannan ya bi da sauran. Gefe na biyu da babban yatsa kawai ya yi ta turawa, da ya zo ƙarshe inda ya yi tauri, ƙananan tayoyi sun fi manya taurin kai a nan, na zaci zai ɗauko ƙarfe, sai ya koma ya matsa bakin tayar zuwa tsakiyar rim ta ko ina, sai ga ragowar ta faɗa da kanta, fat. Ya leƙa zagaye ya tabbatar ba inda tib ya leƙo, ya sa iska rabi ya juya wilin ya ga ba ya rawa, sannan ya cika. A jikin tayar an rubuta kada ta wuce 35 PSI, wato awon ƙarfin iska, shi ba shi da ma'auni, yatsa yake sawa, amma ya gargaɗe ni da injin masu facin mota, ya ce ɗan tib ɗin nan kafin ka ƙifta ido ya cika ya fashe.

Wajen mayarwa ya ja wilin baya har cen ya tsaya daidai, yana ɗan motsi kamar faɗin yatsa, ya ɗaure hannun birkin, ya ce duk wanda ya manta wannan ɗan ƙarfen ya tura yaro gangara ba birki. 'Yan tayoyin gefe kuma ya ɗaga su kaɗan daga ƙasa, wai in sun fi tayar baya taɓa ƙasa to a rairayi sai ta yi ta juyawa a banza kuma birki ba zai kama ba. Ya ɗiga baƙin mai a cen, ya ce jikana hau mu gani.

Kuɗin aiki na tambaya ya ce ba da abin da ya sauwaƙa, ni kuma wannan maganar bana sonta don ita ke sa ka biya fiye da yadda ka shirya, sai da na matsa ya faɗi, kuma gaskiya bai kai abin da na kashe a faci biyu a garinmu ba. Ba ya karɓar tiransifa, ku zo da tsabar kuɗi. Yana da surutu, kowane noti da labarinsa, in an kira azahar kuma ko tayarka na hannunsa ajiyewa zai yi, don haka mai sauri ya yi sammako. Ran Lahadi kawai ake samunsa a nan, sauran kwanaki yana gona.

Yau sati bakwai kenan, sau ɗaya na ƙara mata iska. Na hana yaron filin bayan firamare, ko da yake jiya na ga ƙarangiya a wandonsa, na san inda ya je. Tsohuwar tayar ma ba ta yi asara ba, shi da abokansa suna gare da ita a layi, tib ɗin kuma uwarsa ta yanyanka tana ɗaure itace. Ta gaba ita ma ta fara tsagewa, wannan karon zan siyo 47-305 ɗin tun kafin in isa gindin darbejiyar.