Sauya Tankin Kifi zuwa Ruwan Ɗumi: Wanke Shi Kaf ko Barin Tsohuwar Matatar Ruwa

Mai son mayar da tankin kifin gwal, wanda ya fi jin daɗin ruwa mai digiri 18 zuwa 22, ya zama gidan kifayen ƙasashe masu zafi irin su gupi da tetra na kogin Amazon, yana da hanyoyi biyu.

Ta farko ita ce a zubar da ruwan, a wanke tsakuwa da matatar ruwa tas, a fara sabon lale. Amfaninta ɗaya ne, wato kawar da cuta idan tsofaffin kifayen sun yi rashin lafiya, amma tana kashe ƙwayoyin bakteriya masu narkar da ammoniya, wato gubar da ke fitowa daga kashin kifi, kuma sai an jira makonni 4 zuwa 6 kafin su sake kafuwa.

Ta biyu, wadda na fi amincewa da ita, ita ce a bar matatar da tsakuwar yadda suke, a ɗauraye soson matatar da ruwan tankin kawai, domin kulorin ruwan famfo yana kashe ƙwayoyin. Sannan a sanya na'urar ɗumama ruwa, kusan wat ɗaya ga kowace lita, a riƙa ƙara digiri ɗaya kullum har a kai 25. Ruwan ɗumi ba ya riƙe iskar oksijin da yawa, saboda haka famfon iska yana da amfani.