Wasiƙa daga Finiks: kafin a kai wa dogon yaro gatari

Assalamu alaikum Yaya. Da fatan kana lafiya, da Hajiya da iyali da sauran mutanen gida. Mu ma nan lafiya lau, alhamdu lillahi, sai fama da zafi.

Ka sha tambayata yadda kaya da aikin hannu suke a nan idan an gwada da gida. Yau zan ɗauki abu guda, bishiyar da ke cikin gida, domin ina da magana a kanta da ta shafe mu, wato shawarar sare dogon yaron ƙofar gidanmu.

Finiks, babban birnin jihar Arizona a Amurka, a tsakiyar hamada yake. Ruwan saman shekara guda da ƙyar yake kai milimita 200, Katsina tana samun kusan ninki uku na wannan. A 2023 an jera kwana 31 kullum zafin rana yana kaiwa digiri 43 ko ya haura, kuma a shekarar zafi ya kashe mutum 645 a gundumar Marikofa da birnin yake ciki. Wani kaso mai yawa na ruwan famfo daga kogin Kolorado ake jawo shi, ta wata hanyar ruwa ta siminti mai tsawon kusan kilomita 540, kuma a 2022 aka rage wa Arizona rabonta sosai saboda kogin ya ja baya. Don haka duk bishiyar da ka gani kore a ƙofar gidan wani, da kuɗin ruwa take raye.

A gida, in za ka sare bishiya, mai gatari ne zai zo ya zagaya ta, ku yi ciniki, sau da yawa shi zai ba ka kuɗi ko ku raba itacen. Mata su kwashe ƙirare, awaki su samu ganye in na ci ne, gangar jikin ta tafi wajen masassaƙi ko mai gawayi. A nan kai za ka biya, kuma da tsada. Kamfani zai turo mutum ya duba, ya ba ka farashi a rubuce. Ƙaramar bishiya ɗaruruwan daloli ce. Babba, musamman wadda ta jingina kusa da rufi ko wayar wuta, tana haura dala dubu cikin sauƙi. Kututturen kuma kuɗinsa daban: akwai inji mai haƙoran ƙarfe da ke niƙe shi har ƙasa da doron ƙasa, in ba ka biya wannan ba, a nan za a bar maka shi.

Aikin kansa kuwa, Yaya, na jinjina musu. Ba sa kayar da bishiya gaba ɗaya a cikin unguwa. Mutum zai hau da igiya ɗaure a ƙugu, ko a ɗaga shi cikin kwandon mota, ya riƙa yanka da zarto mai inji daga sama, kowane reshe mai nauyi a ɗaure shi a sauko da shi a hankali don kada ya taɓa katangar maƙwabci. Mai gida mai hankali yana neman ganin takardar inshorar kamfanin kafin a fara, domin in ma'aikaci ya faɗo ko reshe ya fasa motar wani, kada abin ya dawo kansa. Da yawa daga cikin masu hawan 'yan Meksiko ne da ƙasashen da ke kudu da ita, da bazara suna farawa tun gari bai gama wayewa ba. Aikin da ya fi haɗari shi ne gyaran dogayen bishiyoyin nan dangin dabino da giginya. Busassun ganyensu na shekaru suna taruwa a wuyan bishiyar, in mutum ya hau ta ƙarƙashinsu suna iya zamowa su danne shi ya kasa numfashi. An rasa rayuka ta haka.

Abin da ke ci min rai shi ne ganin rassa masu kauri ana cusa su cikin injin niƙa, cikin 'yan mintoci su koma ɓarɓashi, ina tuna nawa ake sayen ɗaurin itace a kasuwarmu. Meskit, wata bishiyar hamadar nan mai ƙaya, ita kaɗai ke tsira, domin ana son itacensa wajen gashin nama. Ɓarɓashin ma dai ba asara ba ne duka, ana shimfiɗa shi a gindin shuke-shuke ya riƙe danshi.

Sannan mallakar gida ba ta ba ka ikon yin yadda ka ga dama. Unguwanni da yawa suna da ƙungiyar masu gidaje, sai ta yarda za ka cire bishiyar gaban gida, in ka yi gaban kanka tara ce. Kafin ka tona rami kuma sai ka kira lamba 811, a zo kyauta a yi maka alamar inda bututun gas da na ruwa da wayoyin ƙarƙashin ƙasa suka bi. Akwai kuma wata doguwar shuka mai ƙaya, sawaro, wadda ke kai shekara 150 zuwa 200 a raye. Dokar jiha ce ke kare ta, ba a ɗauke ta daga wuri zuwa wuri sai da izinin ma'aikatar gona. Wannan bai zo min baƙo ba, tunda a ƙarni na 19 Sarkin Damagaram Tanimu ya hana saran gawo da hukunci mai tsanani.

Inda na fi ƙaruwa shi ne dalilin faɗuwar bishiyoyinsu. Daminarsu tana zuwa kusan tare da tamu, daga 15 ga Yuni zuwa 30 ga Satumba a lissafin hukuma. Hadari yakan taso da yamma da jar ƙura, iska ta sauko da ƙarfi lokaci guda, washegari ka ga meskit da falo barde, wata bishiyar hamada mai koren jiki, kwance kan tituna da motoci, saiwa a sama. Meskit ɗan uwan ƙirya da bagaruwa ne, a daji saiwarsa tana nutsewa nesa neman ruwa, ba ya faɗuwa haka kawai. Amma a gidaje ana shayar da shi da siririn tiyo mai ɗigo, kaɗan kaɗan kusan kullum, a jikin gindi. Saiwar ba ta da dalilin nitsewa, sai ta tsaya a sama, kan bishiyar kuma ya yi ta bunƙasa har ya fi ƙarfin abin da ke riƙe da shi. Wasu tun a tukunyar rainon dashe saiwarsu ta nannaɗe, ba ta ƙara warwarewa ba. Masana bishiya, waɗanda ke da shaidar ISA, ƙungiyar masana kula da bishiya ta duniya, suna cewa a shayar jefi-jefi amma da yawa, a daidai inda inuwar rassa ta ƙare, har ruwan ya ratsa kusan mita guda. Kuma su ne ke faɗa da masu askin bishiya na arha, waɗanda ke gille mata kai ko su tsige rassan ciki su bar tuntu a ƙarshe. Tohon da ke fitowa bayan an gille kai ba ya kama jiki da kyau, shi ne iska ke fara karyawa, ɓawon da aka tone kuma rana ta ƙona shi. Saboda ƙunar rana ne ma ake shafa wa gindin lemo farin fenti.

Duk da tsadar, ba su daina shuka ba. Kamfanin wutar SRP yana ba abokan cinikinsa bishiyar inuwa har biyu kyauta bayan sun halarci ɗan horo, don a dasa ta ɓangaren da rana ke dukan ɗaki a rage shan wutar na'urar sanyaya ɗaki. Birnin ma a 2010 ya yi ƙudurin inuwar bishiya ta rufe kashi 25 cikin ɗari na faɗinsa zuwa 2030, amma bai kai ko kusa ba, kuma unguwannin talakawa su ne mafiya ƙarancin inuwa. Idan na ga wannan sai in tuna manoman Maradi da Damagaram. Tun shekarun 1980 suka kama sassaben zamani, suna barin tohon kututture a gona suna gyara shi, har aka ƙiyasta bishiya miliyan 200 a fili mai hekta miliyan 5, ba tiyo ba famfo.

To, ga abin da ya sa na yi wannan dogon bayani. Na ji ana shawarar sare dogon yaron ƙofar gida saboda ya tsaga katanga, kuma ana son gina shago a wurin. Yaya, don Allah a dakata. Bishiyar nan ba ta taɓa cin kuɗin ruwa ko na kwabo ba, a ƙarƙashinta Baba ya yi zaman hantsi har ƙarshen rayuwarsa, kuma ita ke tare wa ɗakin Hajiya ranar yamma. Irinta da mutanen nan za su iya saye da sun saya, amma inuwar shekara talatin ba a sayar da ita a kasuwa.

Katanga ita ce mai sauƙi. A rushe ɓangaren da ya tsage, a ja shi ciki kaɗan a sake ɗorawa, ni zan ɗauki nauyin bulo da siminti da ladan magini. Kada a datse manyan saiwoyi kusa da gindi, domin su ke riƙe da ita in iskar farkon damina ta zo, kuma kada a malala siminti har jikinta, a bar mata fili ruwa ya riƙa shiga. Rassan da suka sunkuya kan rufi a rage su, amma kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ganyen a shekara guda. A yi da zarto, ba adda ba. A fara ɗan yanka ta ƙasan reshen, sannan a yanke ta sama ɗan gaba da nan don kada ya yage ɓawo in zai faɗo, a ƙarshe a cire guntun daidai bayan ɗan kumburin da ke inda reshe ya haɗu da uwar. Wanda zai hau ya ɗaura igiya, kuma a tabbata ba ya kusa da wayar wuta.

Maganar shago kuma, ka auna min faɗin gefen gabas daga zaure zuwa kwata ka turo min, ina ganin zai ishi ɗaki ɗaya. In ka kira magini, ka sa ya faɗi kuɗin katangar daban da na shagon, zan turo na katangar a ƙarshen wata in Allah ya yarda. A gaishe min da Hajiya da kyau, a ce ta ci gaba da sa mu a addu'a.

Ƙaninka.