GARGAƊI: Mai sayar da takalmin gudu da "maganin diddige" ya ci min riyal 1,350 a Jidda

Assalamu alaikum 'yan uwa Hausawan Jidda da Makka da Madina, musamman masu fita gudu ko tattaki. Akwai wani mutum da ke yawo a zaurukan WhatsApp ɗinmu yana cewa shi ƙwararre ne kan ciwon ƙafar masu gudu. Yana sayar da takalmi, da shimfiɗar cikin takalmi da ya ce a kan ƙafar mutum ake ƙera ta, da wani man shafawa. Macuci ne. Riyal 1,350 ya ci min, kuma ya bar ni da ƙafar da ta fi ta da lalacewa. Riyal 1,350, jama'a. Duk wanda ke aiki a ƙasar nan ya san irin gumin da ake yi kafin a haɗa wannan kuɗi, ga kuma waɗanda ke gida suna zuba ido ƙarshen wata.

Ni direba ne, wuni nake a zaune, shi ya sa na fara fita Kornish, wato bakin tekun Jidda, bayan asuba ina ɗan gudu. Da jiki ya saba sai na sa a raina zan shiga gasar gudun Riyad, wadda aka fara a 2022, in yi ta kilomita 21. Na ƙara nisa, sai diddigen dama ya fara ciwo. Na rubuta a zaure ina neman shawara, shi kuma ya biyo ni ta bayan fage da saƙon murya.

Wannan saƙon ne har yau ya hana ni sakat. Na saurare shi har na haddace. Da sallama ya fara, ya tambayi aiki, ya tambayi mutan gida, Hausarsa tsaf babu gargada. Sannan ya ce: "Yaya, ba sai ka faɗa min ba. In ka tashi sallar asuba, takun farko da za ka sauke daga gado, ji kake kamar ka taka ƙusa. In ka ɗan zagaya sai ya lafa. In ka daɗe a zaune cikin mota ka fito, sai ya dawo." Wallahi haka abin yake, ko wasali bai kuskure ba. Ni ban gaya masa batun asuba ba. A zaure cewa kawai na yi diddige na ciwo. To ku gaya min, wa zai ji an karanto masa ciwonsa haka, da harshen uwarsa, a ƙasar da ba tasa ba, ya ce ƙarya ne? "Yaya, ba sai ka faɗa min ba." Nan ya kama ni.

Kuma kada wani ya zo yana ce min na yi gaggawa, don ban yi ba. Na tambaye shi shago, ya ce a gida yake aiki, kayan daga Turkiyya suke zuwa. Na tambaye shi fatura, wato rasit ɗin kaya, ya ce tana cikin kwali tare da kaya. Na ce me ya sa sunan da ke kan asusun banki ya bambanta da nasa, ya ce na kafilinsa ne, wato wanda ya tsaya masa a ƙasar. Mu nawa ne a nan ake turo wa kuɗi ta asusun wani? Abu ne da kowa ya sani. Ya turo min hotunan ƙafafu, ya turo muryoyin mutane suna godiya, har da wata dattijuwa da ya ce alhajiya ce da ta kasa gama Safa da Marwa sai da ya yi mata shimfiɗa. Na bincika iyakar yadda mai hankali zai bincika.

Ga yadda ya yanka kuɗin: takalmi 650, shimfiɗa 450, man shafawa 150. Arbun, wato kafin alƙalami, na fara turawa, 700, don a cewarsa sai an biya ake fara aiki. Daga baya 550. A'a, kafin 550 ɗin ne ya sa na taka farar takarda na zagaye ƙafata da biro na ɗauki hoto na tura masa, wai da wannan zanen za a ƙera. Ko bayan na tura ne ma, oho, duk yana cikin hirar, za ku gani da idonku. Abin da na tabbatar shi ne ranar da kaya za su iso ya sake kira, wai kwastam sun riƙe, sai an ba da 100. Na ba da. 700 da 550 da 100. Ku lissafa: 1,350.

Mandub, wato ɗan aike, ne ya kawo, wani yaro da ko sanin abin da ke ciki bai yi ba. Babu fatura a kwalin. Shimfiɗar riyal 450 soso ne kawai da aka yanka da almakashi, har layin biro shuɗi yana nan a gefenta inda aka bi aka yanke. Ta dama da ta hagu kaurinsu ɗaya, babu tudu a tsakiya, babu komai a wajen diddige. Na danna da yatsa ta lotsa, ba ta taso ba. Takalmin kuwa warin gam ne ya fara tarbata. Lambar da ke jikin kwali daban, wadda ke ƙarƙashin harshen takalmin daban. Na kira shi a take na ce ya matse ni. Ya ce, "Yaya, haka takalmin gudu na asali yake, sai ya kama ƙafa, zai saki." Da wannan muryar dai, a natse, kamar ƙanina.

Bai saki ba. Farcen babban yatsana ya yi baƙi ƙirin, jini ya kwanta a ƙarƙashinsa, ga bororo a bayan agara. Tafin takalmin ya fara ɓanɓarowa ta gaba tun bai ga wata hanyar kirki ba. Man shafawar kuma, na manta ban faɗa ba, cikin wata farar roba ya zo, ba suna, ba kwanan wata, ba bayanin abin da aka haɗa. Ya ce in shafa ko'ina, har kan bororon. Daren nan ban runtsa ba saboda raɗaɗi, fatar ta yi ja ta saɓule. Da safe na tura masa hoto. Ya gani, alamar ta yi shuɗi. Kafin azahar ya toshe ni, ya fice daga zauren.

Abin da ya fi ƙona min rai ma a wajen likita na ji shi. Na je wani mustausaf, wato ƙaramin asibiti, a unguwarmu, likitan ya danna ƙasan diddigen na zabura. Ya ce akwai wata jijiya mai faɗi da ta tashi daga ƙashin diddige ta bi tafin ƙafa har gindin yatsu, ita ce ta wahala. Cikin dare takan tsuke, shi ya sa takun farko na safe ke ja da zafi. Ya ce ita ce kan gaba wajen jawo ciwon diddige, ga masu gudu da masu daɗewa a tsaye, kuma kusan kowa haka yake kwatanta ta. Kun gane? Mutumin nan ba ƙafata ya karanta ba. Abin da zai faɗa wa duk wanda ya ce diddige na ciwo ne ya faɗa min, ya dai sa asuba a ciki don ya san mu. Da sallata ya yi min tarko. Wannan ne ba zan yafe ba, ya fi min kuɗin ciwo, duk da 1,350 ɗin ma ba zan yafe ba.

Likitan ya ce shimfiɗa ta gaskiya da ake yi wa mutum shi kaɗai sai an ga ƙafar, an ga tafiyarsa, an ɗauki siffar tafin da na'ura ko da abin gwaji, ba a yin ta da zanen biro ta waya. Ya ce ni ma ba ita nake buƙata yanzu ba. In rage gudu, in riƙa miƙar da sharaɓa ina dafe da bango, in ja yatsun sama da hannu kafin in sauko daga gado, in murza tafin ƙafa a kan gorar ruwa mai ƙanƙara, in daina yawo ba takalmi a kan tayil. Ya ce abin na ɗaukar watanni, amma yawanci yana warkewa ba tare da tiyata ba. Gorar ruwa, jama'a. Ni kuma an karɓe min 450 a kan soso. Gasar Riyad ta bana dai ta wuce ni.

Ban rubuta sunansa ba saboda sunan ba nasa ba ne, kuma ba na so in jefa wa mai asusun laifi alhali wataƙila shi ma amfani aka yi da shi. Amma hotunan hirarmu, da rasit ɗin banki uku, da saƙon muryar, da hoton soson, duk suna wajena, zan sa su a nan da daddare in na tashi daga aiki. Ku saurari muryar da kyau, don lamba zai canza, murya ba zai canza ba. Na kira Ma'aikatar Kasuwanci ta 1900, na kuma shigar da ƙorafi ta Kulluna Amn, manhajar kai ƙara ga jami'an tsaro. Ina da yaƙinin da gangan yake zaɓar mu, don ya san a cikinmu akwai waɗanda iƙamarsu, wato takardar izinin zama, ke da matsala, ba za su iya zuwa ko'ina su kai ƙara ba. To ni tawa lafiyarta ƙalau, kuma ba zan yi shiru ba.

Ku dai kada ku sayi takalmin gudu sai kun sa a ƙafa. Ku gwada da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da kuke gudu da ita, a bar sarari kamar faɗin babban yatsan hannu a gaba. Safar auduga na riƙe gumi, ita ke kawo bororo. Man da ba shi da suna kada ya taɓa fatarku. Ba fatura, ba kuɗi. Ciwo kuma a kai shi wajen likita.

Wanda duk mutumin nan ya taɓa karɓar masa ko riyal 50 ne, ya yi min magana ta bayan fage. Ba zan fitar da sunan kowa ba, so nake in haɗa da nawa ƙorafin ya yi nauyi.