Guza da zalɓe ne ke cinye maka kifi, ko matsalar tana cikin kandamin?

Salamu alaikum 'yan uwa. Wannan amsa ce ga ɗan uwanmu da ya yi tambaya jiya da daddare, ya ce ya zuba 'ya'yan tarwaɗa 1,000 a kandaminsa na ƙasa a bayan gari, da ya zo kwashewa bai samu ko 700 ba, yana zargin guza da tsuntsaye, shi ne yake tambaya ko raga zai saya ya rufe ko kuwa ya sa kuɗin a injin ban ruwa. Allah ya mayar da alheri Malam, asara ba daɗi, balle yanzu da buhun abinci ya yi tsadar da ya yi.

Ni dai a ganina ɓarnar da ke shigowa daga waje da wadda ke tashi daga cikin ruwan ba kamanninsu ɗaya ba, kuma kowacce tana barin alama.

Mu fara da na waje. Guza in yana shiga za ka ga sawunsa a laka, farata a gefe da gefe sannan layin jelarsa a tsakiya kamar an ja igiya, kuma yawanci hanya ɗaya yake bi kullum, ta inda ciyawa ta yi duhu. Zalɓe shi da sassafe ko da yamma yake zuwa ya tsaya a inda ruwa bai da zurfi, zai bar maka farin kashi a bakin kandami, wani lokacin ka kama kifi ka ga rauni a bayansa inda ya soke shi da baki ya kuɓuce. Maciji da manyan kwaɗi da ƙwarin ruwa su ƙananan 'ya'ya suke ɗauka, da kifi ya kai tsawon tafin hannu sun haƙura. To duk waɗannan ɗauki ɗai-ɗai suke yi, yau biyu gobe uku, ba za ka wayi gari ka ga gawa birjik ba, kuma ƙarfin ɓarnar tasu a makonnin farko ne. Sai ɓarawo mai ƙafa biyu, shi akasin haka ne, ba ruwansa da ƙanana, sai sun girma an kusa kwashewa, ya zo da dare ya watsa abinci ya sa koma ko ƙugiya. Alamarsa ita ce manyan da ka saba gani wajen cin abinci su ragu, sauran kuma su riƙa firgita da ganin mutum.

Na cikin ruwa kuwa, a nan nake so ka tsaya sosai Malam, don tarwaɗa babban maƙiyinta 'yar uwarta ce. Ko ƙyanƙyasa ɗaya ce ba sa girma tare, a ciki akwai waɗanda muke ce wa shuta, masu zarce sauran da girma cikin 'yan kwanaki, da bakin shuta ya isa ya haɗiye ƙaninsa shikenan ya daina jiran abincinka. In ka sa raga ka ɗebo za ka iya ganin wani da jelar ɗan uwansa a baki, ko a ƙasan tanki ka tarar da kawuna kawai. A tankin siminti ko na tamfol kana gani, a kandamin ƙasa kuwa ruwa ya rufe komai, sai ranar kwashewa ka ga wasu 'yan ƙalilan jibga-jibga sun wuce kilo, sauran duk ƙanana, lissafi kuma ya ƙi cika. In haka ka gani a naka to kar ka ɗora wa guza laifi. Akwai ma wata da ake yawan mantawa, tsohuwar tarwaɗar zubin baya da ta maƙale a laka ba a kwashe ta ba, ka zuba mata sababbin 'ya'ya ta yi ta kiwo a kansu.

Sai lalacewar ruwa. Wannan ita ba ta ɓoyewa, kashewa take yi da yawa lokaci ɗaya. Ruwan da ya yi kore shar da yawa, da rana yana ba da iska amma da dare shi ma shanye iskar yake yi, shi ya sa gab da asuba ne iska ta fi ƙaranci. Ka je bayan sallar asuba da tocila ka haska. In akwai karfasa a kandamin ita ce ke fara nunawa, za ka gansu sun taru a sama suna buɗe baki. Tarwaɗa tana iya shaƙar iska daga sama don haka tana da juriya, kuma wannan juriyar ce ke yaudarar mutane su bar ruwa ya ruɓe, ragowar abinci da kashi su taru a ƙasa, ruwa ya fara wari, sai ka ga kifi ya tsaya a tsaye kai sama jela ƙasa, ya ƙi cin abinci, gashin bakinsa na gutsurewa, ga gyambo a jiki. Masu zuba hanjin kaji ɗanye ko mushe su kula, yana ɓata ruwa kuma warinsa ne ma ke kiran guza. Lokacin hunturu, Disamba zuwa Janairu, ruwa na yin sanyi, cin abinci ya ragu, in ka ci gaba da zuba yadda ka saba to taki kake zubawa. Da damina kuma in kandami ya cika ya kawo baki tarwaɗa fita take yi da dare ta bi jiƙaƙƙiyar ƙasa ta tafi abinta.

Amma fa rashin ganin gawa ba hujja ba ce cewa babu mai mutuwa, tarwaɗa na cinye gawar 'yar uwarta kafin ka zo.

To raga ko inji? Raga ta fi araha nesa ba kusa ba, ka sa ta, sama don tsuntsu, gefe kuma ka binne bakinta a ƙasa don guza da kwaɗi, ka share ciyawar kewaye. Sai dai tunda ba ka ce ka ga kifi na mutuwa da yawa ba, ni zargina ya fi karkata ga cin juna, kuma cin juna raga ba ta maganinsa, inji ma haka. Zubi na gaba ka tsane kandamin tas ka bar rana ta dake shi har laka ta tsage, 'ya'yan kuma kar ka sake su kai tsaye, ka raine su a ƙaramin tanki kana tace su duk sati biyu kana ware shuta, sai sun yi ƙwari kuma girmansu ya zo ɗaya sannan ka ƙirga ka rubuta ka zuba. Ka gaya mana yadda girman waɗanda ka kwashe yake, ko sun zo kai ɗaya ko akwai manya sosai a ciki, da kuma ko kandamin na samun ruwa daga rafi ne ko daga burtsatse.